Yayata Ba "Da Sauransu" Ba Ce

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Yaya Hauwa, kuma wallahi har yau in na tuna abin da aka yi mata sai raina ya ɓaci.

Ita ce mace ta farko daga gidanmu a Roni da ta shiga jami'a, zamanin da kuɗin fetur ya fara shigowa ana ta gina madatsun ruwa. Lissafi ta karanta. Kwamfutar lokacin ta cika ɗaki guda, da katuttuka masu huda ake ba ta umarni. Shekara biyu Yaya tana huda katin nan, har ta fitar da hanyar da na'urar za ta raba wa manoman rani ruwa ba tare da na ƙarshen layi ya rasa ba.

Da aka zo buga aikin, da hannunta ta sa sunan malaminta a gaba. Na ce, "Yaya, ba ke kika yi ba?" Ta ce, "Ke dai Binta, ina kika taɓa ganin ɗalibi ya shiga gaban malaminsa?" Tarbiyyar gidanmu ke nan. Ba ta san cewa a al'adar masu bincike sunan farko kaɗai ake ambata ba, na baya kuwa sai a ce "da sauransu."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Malam ya zama farfesa, bai taɓa buɗe baki ya gyara ba. Abokan karatunta maza da suka yi irin wannan ladabi, daga baya an neme su, an kira sunansu a taruka. Ita kuwa aka ɗauka mai buga tafireta ce. Ta dawo Kazaure, kusa da gida, ta koyar da lissafi har ta yi ritaya.

Da tana raye, na san za ta ce in yi haƙuri. To, ban yi ba. Bara jikarta Zainab, mai karatun kwamfuta, ta nuna mini kundinta. Ta kafa hujja da aikin nan har sau uku, tana yabon farfesa, ba ta san kakarta ce ta yi shi ba. Da na gaya mata, kuka ta yi.

Aikin yana nan, ana ta cin moriyarsa. Sunan Yaya ne aka binne tun tana da rai. Masu rubutu, ga shi nan ku kwafa: Hauwa'u Sule Roni. Allah Ya jiƙanki, Yaya.