Ado da Babban Baƙi

Anti Tafireta ake kiranta a makarantar koyon aikin jinya, ko da yake rabon da a ga tafireta a ofishinta ya fi shekara goma sha biyar. Da ita ta fara aiki tun tana budurwa, tana buga takardun jarrabawa har yatsunta suka yi kanta. Da aka kawo kwamfuta aka sallami abokan aikinta biyu, ita kuwa ta nace har ta iya. Da aka ce sai makaranta ta yi shafi a intanet, ba a ɗauki kowa ba, aka ce ai ga Anti. Ta haɗa shi a hankali, tana tambaya tana gwadawa, tabarau a kan hanci.

A gida kuma maigidanta ne kwance, ɓarin jikinsa ya shanye shekara huɗu ke nan. Sai ta yi masa wanka, ta ba shi abinci da magani, kafin ta fito.

Ranar Litinin bayan an saki sunayen sababbin ɗalibai ta makara. Ta tarar da mutane cike a bakin ƙofa, Shugaba kuma yana tsaye gaban ofishinta da waya a hannu.

"Anti, me kika yi wa shafin nan?"

Ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido. Shafin ya fito tsirara: baƙin rubutu a kan fari, tambarin makaranta ya cinye rabin allo, sunaye sun bi juna babu layi. Abin da ya fi muni, ta tsara waɗanda aka ɗauka su fito da kore, masu jira da rawaya. Yanzu babu launi, duk wanda ya ga sunansa ya zaci ya samu.

"Ranka ya daɗe, rubutun ya zo, kwalliyar ce ba ta zo ba. Fayil ɗinta daban yake, shafin ne ke kiransa."

"To ki kira shi ya zo."

Ta zauna ko jaka ba ta sauke ba. Ta goge abin da burauza, manhajar buɗe shafi, ta ajiye, ta sake buɗewa, babu canji. Ta buɗe kwafin da ke cikin kwamfutarta, ga shi nan tsaf da korensa da rawayarsa. Ta shiga inda burauza ke nuna kurakurai, ta ga jan layi da lamba 404, wato an je neman fayil ɗin ba a same shi ba. Ta bi layin da ke kiransa baƙi bayan baƙi da bakin biro, ba ta ga kuskure ba. Ta shiga sabar, babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ga foldar da ta ajiye kwalliyar nan, ga fayil ɗinta na CSS a ciki, babu abin da ya taɓa shi.

Wayar ofis na ta ƙara. Ta cire tabarau, ta dafe idanu, ta mayar. Sai a duba na uku ta gani. Ita "ado" ta sa wa foldar, da ƙaramin baƙi. Yanzu "Ado" ce, sabar kuwa ba ta ɗaukar su abu ɗaya.

Ta tuna ranar Juma'a ta kai maigida asibiti, ta bar wa Magatakarda kalmar sirri don ya ɗora sunayen. Ta same shi a ofishinsa yana jera biro bisa tsayi.

"Malam, ka taɓa wata folda?"

"Gyara kawai na yi, Anti. Na ga an rubuta Ado da ƙaramin baƙi, na ce ai sunan mutum ne."

"Ba mutum ba ne, Malam. Adon shafi ne."

"Au. To ai da kin faɗa."

Ba ta da ƙarfin musu. Ta koma ta mayar da baƙin yadda yake, launuka suka dawo. Shugaba ya duba wayarsa ya ce, "Ashe ma da kansa ya gyaru." Sannan ya ce tunda ita ta san shafin, ita za ta fita ta yi wa mutane bayani.

Ta fita da takarda tana karanta sunayen masu jira. Wata dattijuwa da ta zo da 'yarta da akwati ta matso kusa.

"Baiwar Allah, jiya fa muka ga sunanta. Har 'yan uwa sun zo sun yi mata addu'a."

"Yi haƙuri, Mama. Tana cikin masu jira, ita ce ta shida."

"Ana kaiwa ta shida?"

"Wata shekarar ana kaiwa."

Dattijuwar ta ɗora akwatin a ka suka juya.

Da rana Anti ta ƙara wa jerin sunayen gurbi guda, ta rubuta "an ɗauka" ko "jira" a gaban kowane suna, ɗari biyu da goma sha ɗaya, da hannunta. Ta canza kalmar sirri, ba ta gaya wa kowa ba. Saura shekara uku ta yi ritaya. Sau biyu ta rubuta wa Shugaba cewa a ba ta wanda za ta koya wa aikin, ya ce za a duba.