Gurbin Delphis a Jirgin Ƙaguwa

Delphis Aucoin mutumin Chéticamp ne, wani garin masunta a bakin teku, tun yana saurayi yake bin jirgin kamun ƙaguwa. Gurbinsa ɗaya ne, gefen dama na teburin da ake tance ƙaguwa, inda mahaifinsa ya tsaya kafin shi. A jirginsu ba a canza wuri, kowa da inda ya gada. In inji ya ɗago tarko ya zazzage, sai Delphis ya ɗauki ƙaguwa, ya auna bayanta, ya murɗa jiki ya saka a akwati. Haka zai wuni, hannu ɗaya, juyi ɗaya.

Ran Asabar kuwa goge yake yi a kicin. Maƙwabta su cika gidan, matarsa Rosalma ta dafa romon kaza da dankali, a yi ta rawa. Da teku da gogen nan, bai taɓa neman ƙari ba.

Sannu a hankali kafaɗar dama ta fara ƙagewa, yatsu suna mutuwa. Wata Asabar ana tsakiyar rawa sandar gogen ta suɓuce masa. Likita ta ce muddin juyin nan bai canza ba, sai ya haƙura da ɗaya, ko teku ko goge. Rosalma kaɗai ya gaya wa.

Ita kuwa ta san yayanta Cyrille, mai tsayawa gefen hagu na teburin, ya daɗe matarsa ce ke saka masa riga saboda kafaɗar hagu. Ta haɗa su a kan shayi ta tona asirin kowa.

"Ashe kai ma lallaɓawa kake, suruki?" in ji Delphis.

"Ni rabi, kai rabi," in ji Cyrille. "A haɗa mu a samu mutum guda."

Suka shirya musayar gurbi kullum da tsakar rana. Mai jirgi ya yi ta mita, wai iyayensu ba haka suka yi ba, musamman da Delphis ya kwashe mako yana zuba masa ƙaguwa a kan takalmi kafin ya saba da sabon juyi.

Kafaɗar ba ta koma sabuwa ba, in sanyi ya sauko takan yi magana. Amma Delphis na fita teku, ran Asabar kuma yana goge. Da kiɗa mai sanyi yake farawa har yatsu su farka, Cyrille na kusa da tukunya yana cewa ya ƙara wa kiɗan wuta.