Fil a Zanen Abeke

Abeke tela ce a Ogbomosho, mace mai baki kamar rediyon direba. Shekara biyar da aure, ba haihuwa. Likita ta ce wasu ƙananan ƙululai ne a ƙwan haihuwarta suke rikita mata al'ada, har da ɗan gashin haɓar da take tsigewa a ɓoye. Ta ɗora ta kan ƙwayoyi. Abeke ta shanye su tas, ta zauna jiran jini. Shiru.

Ita ba ta gaya wa kowa ba. Amma surukarta, Mama Lasisi, uwar mijinta Lasisi, da gida ɗaya suke, ta lura wata biyu ke nan yarinya ba ta yi fashin salla ba. Wata safiya tsohuwa ta tare ta a ƙofa, ta soka mata fil a bakin zane, irin wanda masu ciki ke maƙalawa don kada iska ta shige su a tsakar rana.

"Iyawo, matar ɗana, ni za ki ɓoye wa? Na haifi bakwai!"

Kafin azahar kasuwa ta ɗauka. Mai amala ta ƙara mata nama, tana cewa, "Ashe Lasisi ba barci kawai ya iya ba!"

Abeke ta yi dariyar yaƙe. Ta riga ta gwada fitsari a gida, ba komai. To in ba ɗa ba ne, me ya tsare jinin? Ta tuna yayarta da ciki ya kumbura, aka yi ta barka, ashe ƙari ne. Tunani ya ɗauke mata hankali har ta ɗinke wa wata wuyan riga.

A asibiti ta kwanta ana ɗaukar hoton ciki, tana salati kamar mai haye kogi.

"Ba ciki, ba ƙari," in ji likita. "Mai irin ciwonki jini kan yi jinkiri bayan magani. Za mu sake dubawa."

Hanyar gida ta fi ta asibitin tsawo. Ta durƙusa gaban tsohuwa, ta cire fil ɗin, ta miƙa.

"Mama, babu."

Mama Lasisi ta daɗe tana kallonsa a tafinta. Can ta soka shi a ɗankwalinta.

"Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Yana wurina. Mai amala kuwa, bar ni da ita."