Gaisuwar da na kai wa Alhaji a filin ƙwallo

Shekara da shekaru ni ne mai tsaron ragar ƙungiyarmu a Kazaure. Sai shugabannin gasar suka kwaikwayo tsarin ƙwallon Amurkawa, suka ƙayyade iyakar abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya. Alhajin da ke riƙe da mu yana son tsawaita kwantiragin wani ɗan gaba daga Ɓaɓura, kuɗin kuma ya haura iyakar. Sai ya sallame ni don ya cike masa. Ko kirana bai yi ba, direbansa ya aiko ya karɓi safar hannuna.

Na koma ƙungiyar Roni, na ce su riƙe kuɗinsu, ranar karawa da Kazaure kawai nake jira.

Ranar ta zo, aka ba ɗan Ɓaɓuran fanareti. Lokacin da nake Kazaure da ni yake atisaye kullum, na san hagu yake bugawa. Na cafke, muka fitar da su daga gasar.

Da aka tashi na je gaban Alhaji na durƙusa kamar yadda aka saba, ƙwallon na rungume a ƙirjina.

"Alhaji, ina gajiya?" na ce.

Ban miƙe ba sai da ya amsa a gaban jama'a.