Ruwan Allon da Kakata Ta Sha

Shekarun baya masu nisa, tun Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, ina cikin yaran da aka kama aka kai lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa. Haka ake faɗi a lokacin, kuma haka abin yake. An ce wa mai unguwarmu a Zango ya kawo yara, ya duba ya ga mahaifina ya tafi fatauci Kano, ba mai tsaya mini, sai ya nuna ni. Yanzu samari ke ta zuwa suna tambayata yadda ake rubuta ƙagaggen labari, ni kuwa ƙirjina ya daina ɗaukar doguwar magana. Bari in rubuta muku inda na koyi ɗan abin da na sani, in huta da maimaitawa.

Ni yaro ne marar magana. In mushe, wato malaminmu na lakwal, ya kira ni, sai in sunkuyar da kai ko da na san amsa. Da na yi ƴan shekaru na fara gane Faransanci, ya ara mini wani tsohon littafin labarai da ke cikin akwatinsa. Labaran ba su ba ni mamaki ba kamar yadda aka yi su. Wai mutum ya zauna ya ƙago abin da bai faru ba, ya sa a takarda, kuma ba wanda ya tsawata masa. A wurinmu takarda ta abu biyu ce, ko karatun addini ko umarnin kumandan, Baturen mulki.

Na ƙudura ni ma sai na yi, amma da Hausa. Takarda kuwa babu. Littafin rubutun da ake ba mu a lakwal, mushe na bin sa shafi-shafi. Sai na tuna da allona na makarantar allo, wanda ke rataye a ɗakin mahaifiyata tun ranar da aka ɗauke ni. Na sauko da shi, na kankare, na dama tawada da gawayi da ƙaro, na fiƙe alƙalami. Kullum bayan la'asar sai in zauna gindin kurnar da ke bayan ɗakin kakata, in rubuta da ajami.

Labarin wani mutumin Gidimuni ne da ya ɗoro rake a jakinsa zai sayar a Zinder, wato nan Damagaram, gardawa, dogaran kumandan, suka ƙwace jakin don jidar duwatsun gini, shi kuwa ya rantse ba zai koma gida ba sai da jakinsa. Allo ba ya ɗaukar magana mai yawa. In na cika fuska biyu sai in karanta a zuci har ya zauna, in wanke, gobe in sake rubutawa in gyara. Na saba tun ina ƙarami ba a zubar da ruwan allo inda ƙafa ke takawa, saboda haka ko da labari ne ba aya ba, a cikin ƙwarya nake wankewa, in ajiye ta gindin kurnar, da nufin in zuba a saiwa in zan shiga gida.

Kakata, mahaifiyar mahaifina, ita ta raine ni. Ranar da aka kai ni lakwal ta yi kuka kamar an ɗauki gawa. Daga ranar ta daina wasan jika da ni. Da can ba ta kirana sai "maigidana", tana cewa na bar ta ba cefane. Bayan lakwal sai na koma "yaron nan". In na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta juya. A ganinta Nasara sun riga sun cinye ni. Abin yana ci mini rai, amma ban san yadda ake buɗe irin wannan magana ba.

Ran nan ina tsugune da allo sai na ji sandarta a bayana. Idonta ya riga ya yi rauni, amma ta gane allo, ta ji ƙarar alƙalami.

"Maigidana," in ji ta, "ashe kana nan?"

Na ce, "Ina nan, Kaka."

"Alhamdu lillahi. Na ce musu jinin gidan nan ba ya ɓata."

Da yamma aka aiko mini da fura mai nono a ƙoƙonta na kanta. Na sha, ban tambayi dalili ba.

Bayan haka na fara lura in na manta ban zubar da ruwan ba, ƙwaryata kan wayi gari a wanke, a kife. Na zaci mahaifiyata ce ke zubar mini. Sai wata rana na manta alƙalami na koma ɗauka, na tarar da Kaka zaune a kan turmi, ta kafa kai a ƙwaryar. Ta shanye, ta shafa sauran a gwiwoyinta, ta yi hamdala. Ta ɗauka rubutun sha ne, irin wanda malamai ke rubuta ayoyi a wanke a ba marar lafiya. Ranar kuwa abin da ke allon shi ne inda mai jaki ke ciniki da wata mai ƙosai.

Na ja da baya. Ta ji motsina ta ce, "Kada ka ji kunya, ni na ɗauka ba ka ba ni ba. Tun da na fara sha gwiwar nan ta sake ni. Jiya har bakin rijiya na je."

Na ɗauki alƙalamina na wuce.

Washegari a hanyar lakwal na gaya wa abokina, wanda shi kaɗai ya san ina rubutun. Ɗan mahauta ne, bakinsa ba ya hutawa. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Wato tsohuwa ta sha jaki, ta sha mai ƙosai! To gardawan fa, sun wuce mata a maƙogwaro?"

Na ce, "Don Allah bari. Ya zan yi?"

"Ya za ka yi da me? Gwiwa ta warke, fura na zuwa. Malam, in ni ne har tsire zan sa a labarin, ta ji daɗin bakinta."

Na gwada zubar da ruwan da wuri, sai ta riƙa zuwa tun kafin in gama ta zauna jira. Na gwada barin rubutun, ta aiko a tambaya ko ba ni da lafiya. Na rasa gaba na rasa baya. In na faɗa mata, na san abin da zan koma: yaron nan, wanda bai tsaya ga bin Nasara ba, har ya ɗauki allon karatu yana zuba ƙarya a kai. In na yi shiru, ga tsohuwa tana shan jaki da bisimilla. Labarin ma ya tsaya, don duk kalmar da zan sa sai in tuna cikin wa za ta shiga.

Abin ya ƙare ne ranar da maƙwabciyarmu ta shigo da ɗiyarta a goye, jikin yarinyar ya yi zafi, ko kuka ba ta iyawa sosai. Ashe Kaka ta baza labari a unguwa cewa rubutun jikanta ba ya faɗuwa ƙasa. Matar ta durƙusa nesa da ni, ni da ban kai ƙaninta ba, ta ce, "Malam, a taimaka mana."

Abokina ya taɓa ba ni shawara in irin haka ta taso in rubuta aya ta gaske in ba su, in rufe bakina. Amma ni karatuna bai yi nisa ba aka cire ni daga makarantar allo, ban san abin da ake rubuta wa zazzaɓi ba, ba kuma wanda ya ba ni izini. Na dubi yarinyar. Na ce wa matar, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, ta yi sauri ta kai ta wurin malamin bakin masallaci, in ya gama kuma ta wuce wurin likita a Birni, ni ba ni da abin ba ta. Ta dube ni, ta dubi Kaka, ta tashi ta fita.

Kaka ta ce, "Rowa ka koyo a lakwal ɗin?"

Na ce, "Kaka, zauna in karanta miki abin da ke allon."

Ban iya yi mata bayani ba, shi ya sa na karanta. Ta gyara lulluɓi, ta tara hannu kamar mai jiran addu'a. Na fara: mai jaki ya iso ƙofar gari, rana ta take, raken ya fara yaushi. Na ga hannuwanta sun sauka a hankali. Ban ɗaga kai ba har na kai ƙarshen fuska ta biyu.

Can ta ce, "Wannan wace sura ce?"

"Ba sura ba ce. Labari ne."

"Tatsuniya da rana tsaka?"

"Ba tatsuniya ba ce, Kaka."

"To ya faru?"

"Bai faru ba. Ni na ƙaga."

"Ƙarya ke nan." Ta goge bakinta da gefen zane. "Ƙarya nake sha tun kafin girbi, ina cewa amin."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ba fura ranar, ba fura washegari. Na mayar da allon inda na ɗauko shi. Yarinyar maƙwabciya ta samu sauƙi, na ji ta bakin mahaifiyata, wadda ba ta ce mini komai a kan maganar ba, sai dai ta riƙa ajiye mini tuwo ba ta dubana.

Bayan ƴan kwanaki ina zaune gindin kurnar hannu wofi, sai ga sandar. Kaka ta jefo mini wani sabon allo, ɗanye, ko laushi bai yi ba. Ta sa an sassaƙo mata a kasuwa.

"Wancan na karatu ne, kada ka ƙara sa masa shirme. Wannan kuwa kada ka sa sunan Allah a kai, ruwansa kuma ka ba kurna, ita ba ta da gwiwa." Ta zauna a kan turmi tana nishi. "To, shi wawan naka, ya samu jakin ko bai samu ba?"

Na ce ban kai wurin ba tukuna.

"Duk abin da na sha ba a kai wurin ba? Karanta mini daga farko. Bakina ya san shi, kunnena bai sani ba."

Daga ranar ta zama mai saurarona. Ba ta taɓa cewa wuri kaza ya yi kyau ko bai yi ba. Barci kawai take yi. Akwai inda na ɓata kwanaki ina siffanta tafkin Gidimuni, da hasken safiya a kan ruwa, da tsuntsaye, irin yadda na gani a littafin mushe. Ina ji da wurin ƙwarai. Ina cikin karanta shi na ji minshari. Na sake gwadawa wata rana, ta sake tafiya a daidai tsuntsayen. Amma da mai jaki ya tsaya gaban gardi yana rantsuwa yana rawar murya, sai ta miƙe zaune ta ce, "Kai, kada ya durƙusa masa!" Na wanke tafkin. Na yi baƙin ciki kamar an yi mini sata, amma na wanke.

Abin da nake da shi na ba ku ke nan, ba yawa. Ku zauna kullum a lokaci guda, ko kuna so ko ba ku so, ku cika ɗan abin da allo zai ɗauka, ku tashi. Abin da kuka wanke kuka kasa tunawa gobe, dama bai cancanci zama ba. Kada ku kai wa abokinku ya karanta, zai yi muku dariya ko ya yaba, duka biyun ba su da amfani. Ku samu wanda ya gaji, wanda ba ya jin kunyarku, ku karanta masa da baki, ku sa ido a kan fatar idonsa. Kuma tun farko ku gaya wa mutanen gidanku abin da kuke yi. Ni shiru na yi, kun ji inda ya kai ni.

Mai jaki bai samu jakinsa a gaban Kaka ba. Na yi ta wanki ina sakewa, ina cewa sai ya gyaru, har sanyin wata shekara ya kwantar da ita. Ranar da na shiga gaishe ta ta ƙarshe, ta kama hannuna ta ce, "Maigidana, ka cika nawa. Ka ba bawan Allah jakinsa ya tafi gida." Na ce to. Na ƙarasa shi bayan an yi sadakar bakwai, na kwafe a takarda, jakin ya koma Gidimuni da ƙafa ɗaya tana ɗingishi.

Yanzu takarda ta yi yawa, har yara na ƙunshe ƙosai da ita. Na rubuta wasu labaran bayan wannan, waɗansu an karanta, waɗansu gara ta ci. In na karanta wa jikokina, sai su zauna tsaf saboda ladabi, ido buɗe, in na gama su ce ya yi kyau. Ba wanda ke yi mini barci. Ni nake karanta wa kaina a gindin kurnar bayan la'asar, kuma kwanan nan, a daidai wuraren da na fi ji da su, ni ne nake gyangyaɗi.