Anzurat-apa, Mai Tufatar da Mugayen Wasanmu

Da hantsi, idan rana ta fara narkar da ƙanƙarar da ta kwana a kan rufin gidaje, za ka ga Anzurat-apa, wadda muke kira Apa, wato yaya mace a harshen garin, ta fito daga lungunsu da ƙunshin zane a hammata, tana bin gefen magudanar ruwa a hankali. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka dubiya za ta, alhali aro ne ya fito da ita. Ta ƙwanƙwasa ƙofa, a shimfiɗa mata katifar zama, a karya gurasa, a zuba koren shayi. Sai shayin ya ratsa ta sannan take ɗaga kai ta dubi sanduƙin da aka jibga wa barguna har kusa da rufi. Matar gida kuwa ta riga ta gane.

"Wa kuma za a tayar mana bana, Apa?"

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ba ta da ɗakin kaya. Abin da muka mallaka shi ne zaure mai yoyo, labule guda, da mutane 'yan kaɗan, kowa da sana'arsa: wanzami, direban motar auduga, malaman makaranta, mai gidan shayi, sai ni likitan dabbobi. Mukan haɗu bayan la'asar mu yi gwaji, mu yi musu fiye da gwajin, a shekara mu hau dandamali sau biyu ko uku. Duk suturar da ka gani a jikinmu daga sanduƙin wani gida ta fito, ta kakan wani ce ko ta uwar wata, cikin ɗan abin da aka adana bayan an yi sadaka da sauran kayan mamaci. Sama da shekara talatin Anzurat-apa ce ke arowa, ita ke mayarwa.

Bana ta ajiye aikin. Gwiwa ta ƙi, 'yarta Mohira kuma ta matsa sai ta koma wurinta a birnin Hujand kafin Nauruz, bikin sabuwar shekara da ake yi bayan wucewar sanyi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don in jinjina mata, in kuma faɗi yadda aka yi mugun wasanmu na bana ya wayi gari ba shi da riga. Mugun nan kuwa ni ne.

Apa ba ta yin aro a rufe. Kafin a buɗe mata sanduƙi sai ta zayyana wa mutanen gida wasan kaf, ta faɗi wanda zai sa rigar da irin halinsa a wasan, ko zai yi ƙarya, ko zai durƙusa wa wani. Idan sun yarda ta ɗauka, ranar wasa kuma a ajiye musu kujerun gaba. Saboda haka rabin gari ya san ƙarshen labarinmu tun muna tuntuɓe da farkonsa. Malam Boymurod, tsohon malamin lissafi da ke shirya mana wasa, ya sha yi mata ƙorafi a kan wannan.

"Apa, kin sake tona mana asiri. Wa zai zo kallon abin da ya riga ya sani?"

"Malam, kai a zatonka wasanka suke zuwa gani? Kakanninsu suke zuwa gaisarwa."

Gaskiyarta. Mirzohalim wanzami yakan ba da labarin shekarar da ya fito a matsayin dattijon gari. Akwai wasu 'yan'uwa biyu a unguwar masu gasa gurasa da suka daina ga-maciji tun rabon gado, ko a jana'iza ba sa tsayawa sahu ɗaya. Apa ta je gidan babban ta aro capan ɗin mahaifinsu, doguwar rigar sanyin nan mai auduga a ciki, ta je gidan ƙaramin ta aro hular tsohon da ɗamararsa. Ba ta ɓoye wa kowannensu ba. Ranar wasa suka tsinci kansu a kujerun gaba kafaɗa da kafaɗa, ga kayan ubansu sun haɗu a jikin mutum ɗaya yana sasanta rigimar gona. Wanzami ya rantse yana ganin ƙaramin na share ido da hannun riga. Ba a ranar suka shirya ba, amma da kaka ta yi an ga babban yana taya ƙanensa tsinkar inabi.

Apa, ke ce kika san abin da ke cikin sanduƙin kowane gida, ba a taɓa jin kin kai zancen wani gida wani gida ba. Ke ce kika tufatar da sarki da bawa, kika mayar da kowace riga a wanke, a ninke, da busasshiyar ɗoɗɗoya a tsakaninta don asu.

To, ga abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni baƙo ne a garin nan, aiki ya kawo ni, kuma tun zuwana Malam Boymurod ya dubi girata ya yanke hukuncin cewa ni mugu ne. Na yi ɓarawon dawaki, na yi alƙali maciyin hanci, na yi attajirin da ke tare wa talakawa ruwan gona. Kowace shekara capan ɗaya Apa ke miƙo mini, baƙi mai ratsin kore, ɗinkin hannu, ya ɗan fi ni faɗin kafaɗa. Takan sauya masa ɗamara ko ta ɗora masa wuyan fata, amma shi ne dai. Ban kuma taɓa ganin wani gida ya zauna a gaba dominsa ba. Rigar wa ce? Wane gida ne ya yarda a riƙa tsine wa mamacinsa duk shekara?

Na tambaye ta. Ta ce, "Likita, shanun garin sun ƙare ne ka koma binciken riguna?"

Na tambayi Malam Boymurod, ya ce in fara haddace maganganuna na fitowa ta uku tukuna. Na tambayi wanzami ina zaune a kujerarsa, sai kawai ya cika mini baki da kumfar sabulu. Tsofaffin gari duk sun sani, na ga alama, amma kowa ya kame bakinsa. Ni kuwa abin da aka ɓoye mini shi ke hana ni sakat.

A tsakiyar sanyin bana sai ga Apa a ƙofar wurin aikina, ina fama da wata akuya mai kumburin ciki.

"In ka gama da ƙanwar taka, tayar da motar nan. Za mu neman rigar mugu."

"Ta da fa, Apa?"

"Za ta bi ni Hujand. Na yi wa Mohira alkawari. Na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan tafi in bar ka tsirara ba."

Haka muka shiga zagaye, ni da ita da tsohuwar motata. Wasan bana na wani attajiri ne da ya karkatar da ruwan ƙauye zuwa gonarsa, kuma ko'ina muka je sai ta faɗi hakan tiryan-tiryan. A gidan farko, Hikoyat, wadda mijinta ya rasu bara waccan, ta dafe ƙirji.

"Haba Apa! Mutumin da ya je Makka ya dawo? Sai kawai a gan shi yana hana marayu ruwa? Ki ɗauka wa liman, ki ɗauka wa malami, har takalmansa zan haɗa miki. Amma wannan, a'a. Ƙara shayi."

A wani gidan muka sami mutumin da kowa ya san mahaifinsa ya gasa wa mutane aya a hannu lokacin da yake shugaban gonar auduga. Na ce a raina yau mun dace. Ya saurare mu har ƙarshe, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Da tsohona mutumin kirki ne, wallahi da na ba ki. To kin san halinsa, kowa ya sani. Ana ganin rigarsa za a ce ba wasa kuke ba, tarihinsa kuke karantawa. Ina da 'ya'ya mata a gidan miji, Apa."

Rigar nagari an hana don kada a ɓata shi, ta mugu an hana don kada a tuna shi. Mun sha shayin da ya isa ya shayar da garke, mun ci zabibi da gurasa har na fara jin tsoron ganin faranti, ba mu samo ko hula ba. Ban taɓa ganin Apa ta fito daga gida da zanenta wayam ba sai a wannan zagayen, kuma abin ya dame ta ƙwarai. A mota takan yi ta murza gwiwa.

Ranar da Mohira ta zo ɗaukarta, Apa ta roƙi a yi gwaji ɗaya da cikakkun kaya kafin ta tafi. Rana ba ta faɗi ba, haske na shigowa ta tagogin zaure. Ina tsakiyar dandamali cikin capan ɗin, ina daka wa manoma tsawa cewa ruwa nawa ne har wanda ke cikin idanunsu, sai ƙofa ta buɗe. Mace ce doguwa da jakar tafiya, ba ta ko yi sallama ba.

"Aka, don Allah cire rigar babana," ta ce mini. Aka shi ne yaya namiji a bakinsu.

Ni dai na tsaya da hannu a sama, baki buɗe. Ashe amsar da na yi shekaru ina nema a kafaɗata take. Shodmon, mijin Apa, shi ne mai rabon ruwan gonakin garin a zamaninsa, mutumin da aka ce ba a taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ya rasu Mohira tana ƙarama.

"A makaranta 'yar ɓarawon doki ake ce mini," in ji Mohira. "Ban taɓa taka zauren nan ba saboda haka. Kowa ya killace nasa, Inna, ke kika miƙa naki a yi ta zagi. Me ya yi miki?"

Apa ta zauna a bakin dandamali, ta miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Da fari dole ce ta sa. An shirya wasa, mugu ba riga, ba mai bayarwa. Na ce to, ga wanda ba mai iya ɓata masa suna a garin nan. Ban san abin zai bi ki makaranta ba, da na sani daga baya kuma na kasa dainawa. Kin san me na lura? Mutumin kirki a wasa, ya fito ya yi nasiha ya koma, ko a kashe shi tun a fitowa ta farko. Mugu kuwa yana nan daga buɗe labule har rufewa. Ya zauna, ya tashi, ya kai, ya kawo. In ya juya baya, Mohira, ba Likita nake gani ba. Kafaɗun babanki nake gani."

Mohira ta daɗe tana kallona, har na rasa inda zan sa idona.

"Juya, Aka," ta ce. Na juya. "Yi tafiya."

Na taka irin takun attajirai da na saba, ciki a gaba.

"Haka yake tafiya, Inna? Ni na manta."

"Ina! Wannan ai tafiyar agwagwa ce." Apa ta yi dariya da hawaye a idonta. "Likita, sauke kafaɗar hagu, nan yake saɓa shebur. Hannu a baya. Rage sauri, kana duba ruwa ne a gefen hanya, ba kasuwa za ka ba."

Na sauke kafaɗa, na mai da hannu baya, na bi bakin dandamali a hankali. Ban ji motsin kowa a bayana ba. Can sai na ji an dafa tsakiyar bayana, sannan na ji goshi ya kwanta a wurin. Na tsaya cak, ina jin kukanta ta cikin audugar rigar. Ni da nake fasa ƙurjin bijimi ba tare da na ƙifta ido ba, ranar sai da na ciji leɓe. Malam Boymurod ma, wanda ba a taɓa yin gwaji bai katse shi ba, ya cire tabarau yana ta goge shi.

Na ɗauka shi ke nan, za ta bar mana capan ɗin. Da ta ɗago ta share fuska sai ta ce, "Yanzu ma na fi son tafiya da shi. Ku kun more shi shekara da shekaru, ni ko sau ɗaya."

Ba wanda ya yi musu, don ba abin musu a ciki. Apa da kanta ta zare shi daga jikina, ta ninke, ta ɗaure a zanenta. Ta san daga ranar ba za ta ƙara ganinsa yana tafiya ba. A bakin mota ta kama hannun rigata.

"Ban taɓa barin ɗan wasa ba sutura ba sai kai, Likita. Ka yafe ni."

Apa, ba ki yi abin yafewa ba. Ke ce kika ɗauki abin da ya fi komai daraja a ɗakinki kika ba mu, don kada a taɓa mutuncin gidan kowa, kika zauna a bayan labule kina jin ana tsine wa rigar mijinki kina murmushi. Mun gode, ni da wanzami da Malam da duk wanda ya taɓa ganin kakansa ya tashi ya taka a zaurenmu. Allah ya ba gwiwar lafiya, ya jiƙan Shodmon, ya sa zaman Hujand ya karɓe ki.

Ku kuma mutanen gari, Nauruz ya matso, wasanmu ma haka, ni kuwa har yanzu da rigar aikina nake gwaji, tana warin maganin shanu. Na san abin da kuke tsoro, na ji shi a gidajenku da kunnena. Amma ku yi irin lissafin da Apa ta yi. Ba rigar mugu muke roƙo ba. Ku dubi sanduƙinku, ku zaɓo ta wanda kuka fi kewa, ku kawo ta zaure bayan la'asar, ku nuna mini yadda yake tafiya. Zan riƙa juya muku baya gwargwadon yadda Malam zai ƙyale ni.