Shekara Tara Bayan Mama, Matar da Ta Koyi Ɗauke wa Albasa Ruwa

Ranin bana ne ya cika shekara tara da muka kai Mama makwancinta, a ɗan filin da ke bayan cocinmu a gefen Kura. Sunanta Rifkatu, amma a gona da kasuwa Maman Ladi ake ce mata, ni ce kuwa Ladin. Har yanzu idan na fita da sassafe, ruwan kanal ɗin da ke shayar da gonaki yana tururi, balbelu sun jeru a bakinsa, sai in ga kamar ita ce can nesa tafe a kan gaɓa, da kallabin nan nata da ya koɗe, tana tafiyarta a hankali kamar ba ta da inda za ta. Nakan tsaya ina kallo har mai tafiyar ta matso ta zama wata.

Waɗanda suka san ta a ƙarshen rayuwarta sukan ce ba su taɓa ganin mace mai kwanciyar hankali irinta ba. Nakan yi murmushi kawai, don ba haka ta zo garin nan ba. Mun baro ƙauyenmu na kudancin Kaduna ne bayan wata fitina da ta cinye gidanmu da mahaifina, Mama ta iso Kura da ƙullin kaya ɗaya da zuciyar da ba ta daina dukan uku-uku. Murfin tukunya in ya faɗi sai ta zabura. In na je ɗebo ruwa na ɗan jima, sai in tarar da ita a bakin hanya, ta riga ta gama gani a ranta yadda na faɗa kanal aka tsamo ni. Addu'a kam tana yi, safe da yamma, amma tana cewa amin za ta kwashe damuwarta kaf ta tashi da ita.

Wani dattijo mai suna Malam Sule ne ya ara mata 'yan fangaloli a gefen gonarsa, ya nuna mata noman albasa. Aikin ya karɓe ta, domin mai fargaba ba ta son zama. Ta yi dashe, ta yi cira, ta zuba taki, albasa ta yi kore shar. Da aka kusa haƙa, Malam Sule ya tsaya a kan kunya ya ce, "Maman Ladi, daga yau ki ɗauke mata ruwa. Ganyen zai kwanta ya yi rawaya, kada ki tsorata. Haka take so kafin a cire ta."

Mama ta ce to. Amma da ta ga ganye yana faɗuwa, ƙasa tana tsagewa, sai hankalinta ya tashi. Idan rana ta take, manoma sun koma inuwa, sai ta lallaɓa da fartanya ta ɗan buɗe bakin ruwa. Albasa ta fito manya-manya, tana sheƙi, har muna jin daɗi. Ba a jima da jera ta a rumfa ba wari ya fara tashi. Malam Sule ya zo ya ɗauki guda, ya danna wuyanta da babban yatsa, ruwa ya tsattsafo.

"Kin ba ta ruwa ko?"

"Tausayi ta ba ni, Malam."

"To, Allah Ya mayar da alheri. Amma tausayin nan ne ya ruɓar da ita."

Wannan shekarar mun ji jiki, ba sai na tsaya ba da labari ba. Da rani ya zagayo aka sake zuwa lokacin ɗauke ruwa, Mama ta san kanta. Ta miƙa min fartanyar ta ce in ɓoye inda ba za ta gani ba. Kullum sai ta tafi gona hannu rabbana, ta zauna a gindin wani mangwaro da ke bakin kanal, ruwa na wucewa ta gabanta, albasarta na bushewa ta bayanta. Ta ce min tafin hannunta har ƙaiƙayi yake yi. Da ta rasa abin da za ta yi da hannuwan, sai ta buɗe su a kan cinya ta shiga addu'a.

Wata rana na kai mata kunu na same ta a haka, ido rufe, inuwar ganye na yawo a fuskarta. Ban yi motsi ba. Na ji tana cewa a hankali, "Ubangiji Yesu, ka ga hannuna babu komai. Albasar nan taka ce. Ladi ma taka ce. Ka riƙe su, ni na gaji da riƙo." Daga nan ta riƙa kiran abubuwan da take tsoro ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ban taɓa jin ta furta ba, ranar da aka kashe mahaifina. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska ta sha kununta.

Ba zan ce fargabar ta tafi a rana ɗaya ba, ƙarya ke nan. Takan dawo, Mama ta koma gindin mangwaro. Sai dai a hankali ta daina tsayuwar bakin hanya, ta fara barci da rana, har ta koma tsokanar mutane. Mata daga zumuntar coci sukan zo mata da damuwarsu, ba ta yi musu wa'azi. Takan ce, "Zauna tukuna. Buɗe hannunki."

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga zamanin nan, da kowa ke yawo da tashin hankalinsa a aljihu. Na tabbata ni za ta fara yi wa dariya. Ɗana Ishaku direba ne, yana ɗaukar tumatir daga Kadawa zuwa kudu, kuma kowa ya san yadda hanya ta zama. Tun da ya fara, waya ba ta barin hannuna. In ta shiga bai ɗauka ba, na shiga uku. In ba ta shiga ba, na ga motar a rami, kwanduna a warwatse. Likita ya ce jinina ya hau. Kwanakin baya Ishaku ya zaunar da ni ya ce, "Mama, don Allah ki rage kira. Rannan ina ƙoƙarin ɗauka saura kaɗan in bar titi. Ina tsoron kada kiranki ya zama ajalina." Ban taɓa jin magana ta soke ni kamar wannan ba.

Da ya yi lodi a makon tunawa da Mama, na sa wayar a cikin kwanon da nake ajiye daddawa, na rufe, na kama hanyar tsohuwar gonarmu. Yanzu shinkafar wani ce a wurin, amma mangwaron yana nan, ya ƙara faɗi. Na zauna, na buɗe hannuwana. Na kira sunan Ishaku, na kira ramukan hanya, da 'yan fashi, da gyangyaɗin direba, na miƙa wa Yesu. Ruwan kanal yana ta tafiyarsa, iska na kaɗa shinkafa, har na rasa ko addu'a nake yi ko barci ne ya ɗan ɗauke ni. Washegari na koma, na kuma komawa.

Mama ba ta bar mana gona ba, ko hotonta mai kyau guda ba mu da shi. Wannan zaman ne gadona, kuma sai yanzu na san nauyinsa. Na dawo daga gindin bishiyar wata yamma na ji kwanon daddawa yana ƙara. Ishaku ne, muryarsa a tsorace: "Mama, lafiya kuwa? Tun da na tafi ba ki kira ba."

Na ce masa lafiya lau. Sai da na ajiye wayar na lura cewa a karon farko tun da yaron nan ya hau hanya, gaskiya na faɗa masa.